Daga Samaru Zuwa Sabon Gari Da Motar Da Ta Sha Ruwa

Samaru, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Da gangan na sa muka tashi da duhu, don kada maƙwabta su ga ana jan motata da igiya kamar akuya. Fijo ce, shekara goma sha ɗaya ina kabu-kabu da ita. Ruwan Agusta ya cika kwatar unguwarmu ya shigo, ta kwana biyu a ciki har sitiyari. Bakanike ya duba man inji ya ga ya koma kamar koko, ya ce in kai ta Sabon Gari a yanka a sayar da kayan.

Garba mai a-kori-kura ne ya ja mu. Ni ina riƙe da sitiyari, kujera tana jiƙa mini wando. A gefena Sale dillali, wanda ban kira ba. Shi ya ji labari ya kawo kansa, tun nan na sa masa ido.

Palladan, shida da kwata

Igiya ta tsinke sau ɗaya, muka ƙulla. Gaba kaɗan 'yan sanda suka tsayar da mu.

"Baba, ina takardu?"

Na miƙa. Ranar ruwan suna ɗaki cikin leda, ko ɗigo bai taɓa su ba. Ɗan sandan ya duba ya ce Allah ya mayar da alheri. Sale kuwa ya leƙo har da miƙa wuya.

"Ashe takardun ba su jiƙe ba, Yaya?"

Kafin mu kai Kwangila ya sake tambaya.

Kwangila, ƙarfe bakwai

Shayi da burodi naira sittin, ni na biya wa mutum uku. Sale ya tsallake mai wayar kuɗi da ke kusa da mu, ya tafi can wajen wani mai wayar da ke ƙarƙashin lema a tsallaken titi. Da ya dawo ya ce iyali ya kira. Iyalin da ya baro yanzu-yanzu.

Sabon Gari, takwas da minti goma

Muka tsaya layin masu kayan gyara, gaban shagon wani Ibo da ake kira Oga Chidi. Ya sansana kujera, ya tura yatsa ƙarƙashin kafet ya zaro laka.

"Dis one don drink well well," ya ce, wai ta sha ruwa ta ƙoshi, sannan ya juya Hausa. "Dubu arba'in da biyar. Giyabos da gilasai da ƙofofi nake so. Sauran ƙarfen kilo ne."

Raina ya ɓaci, don babur nake so in saya in koma acaɓa, kuma wannan ba zai sayi sabo ba. Muna cikin ja sai ga wani mai farar shadda, Sale yana ta Alhaji, Alhaji. Bai sansana komai ba, bai tambayi inji ba. Ya buɗe gaban mota, ya goge lambar da ke jikin ƙarfe da babban yatsa, ya rufe.

"Dubu casa'in, Malam. Da takardu da lamba."

"Me za ka yi da ita?"

"Gyarawa."

Ban yi boko mai nisa ba, amma na tsufa a tasha. Akwai masu sayen matacciyar mota don takardunta, su ɗora wa ta sata. Ranar da aka kama ta, wanda sunansa ke takarda shi ake zuwa ɗauka, kuma sunana ne a wannan. Sai dai casa'in sabon babur ne har da canji. Na fi minti goma tsaye ina kallon tayar baya.

Sale ya ja ni gefe. "Yaya, ba ka da wata sana'a fa. Ina ruwanka da abin da zai yi da takarda?"

"Shi ka kira a Kwangila?"

"Haba Yaya."

Bai ce a'a ba. Na tambayi Oga Chidi ko ya san mai shaddar. Ya kalli wani wajen ya ce, "Ni ƙarfe nake saya, ba na sayen takarda."

Na sallama wa Oga Chidi a arba'in da bakwai. Shi ma ban yarda da shi ba: na kwance lambobin gaba da baya da hannuna, na zauna a benci har ƙarfe ɗaya da mai walda ya yanke wurin lambar ƙarfen ya ba ni, da sauran zafinsa. Duk tsawon nan mai shadda bai tafi ba. Ina tashi ya biyo ni.

"To takardun kaɗai fa, Malam, tunda ba su da amfani gare ka?"

Na wuce abina. Sale ya tare ni da zancen la'ada, na ce ya karɓa wajen wanda ya kira.

Gida, uku da rabi

Na shiga bas ta Samaru, naira arba'in, lambobin a kan cinyata cikin buhu. Maiɗakina ta tambayi nawa, na faɗa. Ta ce shi ke nan? Na ce an taya ninkinsa, na ƙi. Ta dube ni, ta dubi buhun, ta tashi ta kawo mini tuwo.

Tsohon babur na samu, mai tuƙa hayaƙi, da shi nake ci da iyali yanzu. Na gode wa Allah da ya dawo da ni gida da sunana. Na gode wa Garba da igiyarsa. Sale kuwa, in ya ga wannan, ya san abin da ya sa ban gode masa ba.