Bangon Inna Fanna da Baƙin Allon Kwamfuta

Abokan zamana a majalisar Fagge sun sha faɗa, wasu a gabana wasu a bayan idona, cewa ba zan taɓa kammala littafin tatsuniyoyin kakarmu ba, Sabo zai riga ni. Sabo ɗan baffana ne. Karatunsa bai wuce firamare ba, ya ƙare aikinsa yana yankan tikiti a tashar jirgin ƙasa, ni kuwa shekara da shekaru ina shugabancin makaranta. Babu maganar da ta kai wannan ci mini rai.

Kakar tamu, Inna Fanna, mutuniyar Barno ce da aure ya kawo Kano. Bayan sallar isha'i takan zauna gaban murhu tana suyar gyaɗar da za a kai tasha, mu jikoki a gefenta. Ƙa'idarta guda ce: ba ta farawa sai kowa ya juya wa ƙofa baya, ya fuskanci bango. "Mai kallon ƙofa ya tashi ya bi ta," in ji ta. "Ni da masu kunne nake magana." Sabo kan kafa wa bango ido kamar an dasa shi. Ni kuwa da jirgi ya yi kuka, ko na jiyo kiɗa daga Sabon Gari, sai wuyana ya karkace. Washegari idan ta ce a maimaita, Sabo ya zubo labari tiryan-tiryan, ta damƙa masa gyaɗar gindin kasko. Har yau ina jin ƙamshin gyaɗar nan da ban ci ba.

Akwai tatsuniyarta ta masaƙa biyu da aka ba zare daidai wa daida, kowa ya saƙa riga kafin faɗuwar damina. Ɗaya ya kafa masaƙarsa a bakin kasuwa, yana amsa gaisuwa, yana raba faɗa, yana taya dillalai ciniki. Ɗayan ya shiga tsohon rumbu ya ja marfi. Ranar ruwan farko na kasuwa bai haɗa ko hannun riga ba. Na rumbu ya fito da riga cikakkiya, amma karnukan gidansu suka yi masa haushi, don sun manta shi.

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula na yi ritaya, na sayi kwamfuta a Sabon Gari wurin Mista Obinna, haifaffen unguwar, mai Hausa kamar ta cikin birni. Ya cika mini ita da manhajoji. Shekara biyu ina sauya fasalin haruffa, ina ƙawata shafin farko, kuma, abin kunya, ina buga kartar da ke cikinta. Sai na ji labarin Sabo ya kusa gamawa, da wata tsohuwar na'ura da ofishinsu ya yar.

Na koma wurin Obinna na ce ya cire komai.

"Baba Hedimasta, jama'a na zuwa a ƙara musu, kai kana so a rage?"

"Ina son wadda ba ta da ƙofa," na ce.

Ya nuna mini manhajojin rubutu uku. Ta farko tana ja wa kowace kalmar Hausa jan layi, ni da na ƙare rayuwata da jan biro a hannu. Ta biyu tana da hotuna a gefe. Ta uku baƙin allo ce kawai, sai wani ɗigo yana ƙiftawa.

"Wannan ai ta marasa galihu ce, Baba. Irinta ce a wurin Malam Sabo."

Na haɗiye abin da na haɗiye, na ce ita nake so.

Da na zauna gaban wannan bango na gano abin da karta ta ɓoye mini: farkon kowace tatsuniya yana kaina, amma ƙarshen yawancinsu ban taɓa ji ba. Ina kallon ƙofa lokacin da Inna ta faɗe su. Kwana tara ina jayayya da zuciyata, sannan na sa babbar riga na tafi gidan Sabo.

"Yaya, ashe yau ka juyo," ya ce. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya shiga ba ni ƙarshen tatsuniyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen tatsuniyar masaƙan nan da na kawo a sama, na haushin karnuka, shi ma daga bakinsa na ji shi. Na so ya yi mini gori don in sami abin riƙewa, bai yi ba, kuma wannan ma ina ƙyashinsa.

Yanzu na fahimci Inna ba ta zaɓi ɗaya cikin masaƙan ba. Sabo ya riƙe zaren, ni na san kasuwa, don ni na samo mana maɗaba'a. Duk da haka ina roƙon 'yan majalisa su rubuta wannan yadda yake: Sabo ya rufe nasa ranar Alhamis. Ni na sa aya ta ƙarshe ranar Laraba, kwana ɗaya kafin shi, ana jibi Babbar Sallah, a shekara ta uku ta mulkin farar hula.