Ranar da Mama ta roƙi a ajiye mini mahaifina

Daga Damagaram na zo Lafia, da jaka ɗaya da Faransancin da ba wanda ya roƙe ni shi. Wata ƙungiya mai tura matasa koyarwa a ƙasashen maƙwabta ce ta ɗauke ni aikin sa-kai, ta ajiye ni a wata sakandare a hanyar Adogi. Babu albashi, sai abinci da wurin kwana da takardar shaida idan mutum ya kammala. Mahaifina tela ne, yana fama da hawan jini tun kafin in taho. Da na fara jan ƙafa sai ya ce malanta nake so tun ina ƙarama, ba zai yarda a ce ciwonsa ne ya hana ni ba. Shi da kansa ya ɗinka mini kayan da nake shiga aji da su.

An sauke ni gidan wata dattijuwa Kirista, 'yar ƙabilar Eggon, wadda kowa a unguwar ke kira Mama. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Aikinta ɓarar agushi a gindin mangwaro da sa ido a kan abin da na ci. "Malama, ka ci sakwara, ka rame kamar tsintsiya," haka take ce mini kullum, da Hausarta da ba ta bambance mace da namiji. Da farko abin yana ba ni haushi, don ni ba yarinya ba ce. Daga baya, ranar da ba ta faɗa ba sai in ji kamar an yi fushi da ni.

Wata safiya ina tsakiyar koya wa 'yan aji biyu gaisuwa da Faransanci, suna ta karya harshe ina ta faɗa, sai wayata ta yi ƙara. Baffana ne, ƙanin mahaifina. Ya ce in yi haƙuri, Allah ya yi wa Baba rasuwa bayan sallar asuba, za a yi jana'iza bayan azahar. Ban san yadda na fita daga ajin ba. Abin da na tuna shi ne ina kan babur, allin yana hannuna har yanzu.

Daga Lafia zuwa gidanmu tafiyar yini ce cur da ɗoriya, ga canjin mota a Kano, ga boda. Na san ba zan riske shi ba. A wurinmu kafin a fita da mamaci ana shigo da shi tsakar gida, mata da 'ya'ya su durƙusa kusa da makara su yi masa addu'a. Wannan ɗan lokacin kaɗai nake so, kuma shi ne ba zan samu ba.

Mama ta ture faifan agushinta da ta ga fuskata. Na faɗa mata. Ta rungume ni, sai kuma ta sake ni ta ce, "Yaushe ne za su binne?" Na ce yau. Ta ce, "Yau? Kai kana nan?"

Ba wai ba ta san yadda Musulmi ke yi ba. Maƙwabtanta Gwandara ne Musulmi, ta sha zuwa gaisuwa gidajensu. Amma a ganinta wannan don 'ya'yan suna kusa ne. Su a wajensu ana kai gawa mutuware a ajiye ta cikin sanyi har sai ɗan da ke nesa ya iso. Mijinta ma haka aka yi masa, sai da babban ɗansu ya dawo daga kudu. Kafin in ankara ta fizge wayar ta ce in danna mata lambar mutumin da ya kira. Ni kuwa na danna.

"Baba, sannu da haƙuri," ta ce. "Ni ne maman Malama a Lafia. Don Allah ku sa shi a mutuware, kwana ɗaya kawai. Yanzu-yanzu zan sa Malama a mota, gobe yana wurinku. Yarinya bai ga babansa ba."

Ina jin Baffa ta cikin wayar. Ya yi salati, ya ce ɗan'uwansa ba kifi ba ne da za a sa a ƙanƙara. Mama ba ta ji zafin maganar ba. Ta durƙusa a ƙasa da wayar a kunne, kamar yana ganinta, tana cewa, "Ina kan gwiwa, Baba." Kunya ta rufe ni, na ji haushinta, na ji haushin Baffa. Amma a ƙasan duk wannan ina tsaye ina fatan ya ce to. Na san ba ya halatta a wurinmu, na san Baba da kansa ba zai so ba. Duk da haka na so.

Baffa ya ce a ba ni wayar. Muryarsa ta yi laushi. Ya ce, "'Yata, gaggauta shi ne gatan da ya rage mu yi masa. Ki yi masa addu'a daga nan."

Da aka kira azahar Mama ta share gindin mangwaro ta shimfiɗa tabarmi. Ta aika gidajen maƙwabta, dattawan Gwandara suka zo suka zauna suka yi wa mutumin da ba su taɓa gani ba addu'a. Matan cocinsu ma suka zo, wata ta fara ɗaga waƙa, Mama ta ɗaga mata hannu ta ce, "Ba haka suke yi ba, ku zauna kawai." Suka zauna shiru har la'asar, wanda na san ba ƙaramin aiki ba ne a wajensu. A nan na yi kukana.

Washegari shugabar ƙungiyar ta ba ni izini na tafi, na sami ragowar zaman makoki, na dawo na ƙarasa shekarata. A wancan zuwan ba a bar ni na je maƙabarta ba, an ce zuciyata ba ta yi ƙwari ba tukuna.

Sai bayan damina, da na koma gida gaba ɗaya da takardar shaidata, na matsa wa yayana ya kai ni. Kaburburanmu ba rubutu, tudun ƙasa ne da ɗan icce ko fasasshen tulu. Ruwa ya kwantar da su, ciyawa ta rufe, an kuma ƙara sabbin layuka. Yaya ya yi ta zagaye yana duban wata bishiyar aduwa yana auna taku. Can ya tsaya tsakanin tudu biyu ya sosa ƙeya.

"Wannan ne," ya ce. "Ko kuma na kusa da shi."

Na durƙusa a tsakaninsu na yi musu addu'a su biyun.