Matar da Ba Ta Fito a Tele Ba

Ko da zan manta komai na ƙuruciyata, ba zan manta damanar da aka sake nuna wani tsohon wasan iyali a tele ba, don kaɗan ya rage mu rabu da Gwaggo a kansa. Yau ni ma malama ce, da nawa 'ya'yan, amma in na tuna sai in yi dariya, in kuma ji ƙwalla ta taru mini.

Lokacin ina lise, wato babbar sakandare, gidanmu yana cikin Birni. Babanmu baduku ne, mutum mai sanyin hali da yawan kunya. Gwaggo yayarsa ce, ciki ɗaya. Daga garinsu Gaffati ta zo sanda aka haife ni, saboda Inna ta kwanta ciwo bayan haihuwa, aka ce ta riƙe gidan zuwa arba'in. Mijinta ya rasu, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Arba'in ta zo ta wuce, aka yaye ni, ƙannena suka biyo baya, Gwaggo tana nan. Doguwa ce siririya, baki kuwa ba a magana. Ita ke tashinmu sallar asuba, ita ke bin layin pompo in ruwa ya yi wuya a gari, ita ke dukanmu, ita ke rarrashi. Sai dai tana da wata magana da muka haddace. Duk shekara in an fara yankan gero sai ta ce, "Ni fa baƙuwa ce a gidan nan. Bana kam garinmu zan koma." Ba mai tanka mata, mu ci gaba da cin tuwonmu.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Madam, wata Kirista ma'aikaciyar jinya, aminiyar Inna. Da aka yi babban hutu ta ara mini littattafai uku na Faransanci, duk bangonsu ya sha jiki, ta ce in gyara harshena da su. Labarin iyalin wani masunci ne a bakin teku, a wata ƙasa mai sanyi. Uban mai zafin rai, uwar mai yawan ciwo, yara bakwai, abinci yau akwai gobe babu. Sannan akwai yayar maigidan, wadda ta zo jinyar mako guda ta zarce. Masifaffiya ce ta gaske, kuma duk shekara sai ta haɗa akwatinta ta ce za ta bi jirgin ruwa ta koma garinsu.

Da yamma nakan zauna kusa da Gwaggo tana saƙar faifai, ina karatu ina dariya ni kaɗai. Wata rana ta ce, "Ke, ko aljanu ne a takardar nan? Faɗa mini mu yi dariyar tare." Na fara juya mata da Hausa. Tun daga ranar na shiga uku. Ko wanke-wanke ban gama ba sai ta ce in bari, in ɗauko littafi. In na zo kan soyayyar babbar 'yar sai ta yi tsaki. "Tsallake shirmen nan. Kai ni wurin matar nan, ita kaɗai ce mai hankali a gidan."

Ana cikin haka Baba ya kawo albishir. Ya daɗe yana gini a wani fili da ya samu ta hanyar Tirmini, kuma da kaka za mu tashi. Ya zauna gefen tabarmar Gwaggo fuskarsa cike da murna, ya ce, "Yaya, na sa maso, maginin nan, ya gina miki ɗaki a Gaffati, na siminti, da rufin kwano. Shekara da shekaru kina son komawa gida ban iya yi miki komai ba. Bana Allah ya nufa."

Gwaggo ta ce, "Madalla, Auta. Allah ya yi albarka." Ta ci gaba da saƙa, sai dai na ga ta warware layin da ta gama ta sake shi.

Baba da zuciya ɗaya ya yi. Shi a ganinsa ya biya wa yayarsa babban buri. Ita kuwa abin da ta ji shi ne an sallame ta, yara sun girma, aiki ya ƙare. Ba ta son tafiya ko kaɗan, amma Gwaggo ta gwammace ta mutu da ta buɗe baki ta roƙi ƙanenta wurin zama.

A makon ne Madam ta leƙo ta katanga ta ce za a sake nuna wasan da aka yi daga littattafan nan, duk Lahadi bayan la'asar. Ta ce tun tana yarinya ta kalle shi, kafin ma ta san akwai littafi. Gwaggo ta farfaɗo kamar an yi mata allura. Ta bi gida-gida tana gayyata. "Ku zo ku ga mace. Ku zo ku ga yadda ake riƙe gida."

Ranar Lahadi aka fito da 'yar telenmu tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi. Mata da yara suka cika, Madam ta dawo daga coci ko kaya ba ta sauya ba, Baba ya ajiye kujerarsa a gefe. Gwaggo ta ɗaura sabon zane, har da kwalli. Ni ce tafinta.

Tun a ranar farko na ga an yi wa labarin kwaskwarima. Yara bakwai sun koma huɗu. An ƙaro wani kare da babu shi a littafi. Uban da ke ta da gida da faɗa ya zama kyakkyawa mai taushin murya, kullum da nasiha a bakinsa. Teburin da muka sani da busasshen burodi ya cika da nama. Gwaggo ta ƙura wa uban ido ta ce, "Wannan ne masuncin? Dubi hannunsa, wallahi ko kifin miya bai taɓa gyarawa ba." Aka kwashe da dariya. Amma duk macen da ta gilma sai ta taɓo ni.

"Ita ce wannan?"

"A'a, Gwaggo, mai sayar da madara ce."

"Waccan mai hular fa?"

"Malamar lakwal ce, mai koyar da yara."

"To, tana hanya. Jirgin ruwa ba ya sauri."

Lahadi ta bi Lahadi, matar ba ta sauka daga jirgi ba. Na fara lura cewa duk aikin da ta yi a littafi, uwar ce ke yin sa a tele. Ita ke ɗinke tarun kifi, ita ke korar mai gidan haya da tsintsiya, kuma gashin kanta ko motsi ba ya yi. Na samu Madam a ɓoye na tambaye ta. Ta dafe kai ta ce, "Yesu! Sai yanzu na tuna. Babu ita fa, sun cire ta gaba ɗaya." Na so in nuna wa Gwaggo wata tsohuwa a wasan in ce ita ce, mu huta. Amma ta san matar nan fiye da yadda na san ta, ba za ta ruɗu ba.

Akwai wurin da Gwaggo ta fi so a duk littattafan. Ƙaramin yaron gidan ya kamu da zazzaɓi, uban yana teku, uwar tana kwance, sai gwaggon ta goya shi ta ratsa iska da ƙanƙara a ƙafa har gidan likita. Da aka nuna yaron ya fara rawar sanyi, Gwaggo ta gyara zama ta ce da matan unguwa, "To, yau kam dole ta fito. Wannan ba aikin kowa ba ne." Sai ga uwar ta yafa mayafi, ta sunkuci yaron, ta fita cikin iska ana kaɗa mata goge mai sa kuka. Mata suna ta share hawaye.

Da mutane suka watse, ya rage mu da Madam, sai na fara zuba. Ni dama ba na iya haɗiye magana. Na ce waɗannan mutane ba su da amana, sun ɗauki littafi sun yanke masa ƙashin baya, sun kwashe wahalar wata sun ba wata don ta fi ta kyan fuska. Madam ta ce ita dai tana son duka biyun, na tele yana sanyaya zuciya, na littafi kuma ya fi kama da gidajen mutane. Baba, wanda wasan ya shiga ransa sosai, ya ce shi bai ga laifinsu ba.

"Ku 'yan lakwal kun cika ƙorafi," in ji shi. "Mutane in sun yi yawa labari rikicewa yake. Ga uwa, ga uba, ga 'ya'ya, gida ya tafi daidai. Wa ya ji an rasa wani abu? Ita gwaggon me za ta ƙara?"

Wallahi ko a ransa bai kawo komai ba. Gwaggo ta miƙe a hankali, ta naɗe tabarmarta ta ce, "Gaskiyarka, Auta. Gida ya tafi daidai. Ba sai an jira kaka ba, gobe a nemo mini motar Gaffati."

Baba ya ce, "Da wuri haka, Yaya? To, ai an gama rufi, sai dai ƙofa."

Na ji kamar in kurma ihu. Sai Inna ta yi magana. Inna mace ce da za ka wuni da ita ba ka ji muryarta ba, kuma ban taɓa ganin ta ja da Baba a gaban mutane ba. Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta ta ce, "Malam, abin da aka nuna yau ƙarya ne. Macen da ke kwance ba ta tashi ta ratsa iska da yaro. Ni na sani, don ni na kwanta." Ta nuna ni da baki. "Sanda wannan mai surutun ta yi ƙyanda, kana kasuwar ƙauye da kayanka. Ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Wa ya goya ta daga nan har asibiti, takalmi a hannu? Madam, ke kika karɓe ta, faɗa masa."

Madam ta ce, "Ni na karɓe ta. Sai da na ba Yaya zanena ta sauya."

Inna ta ce, "Mutane suna ganin yaran nan su ce na iya tarbiyya, ni kuma in yi shiru in karɓa. Yau na ga yadda abin yake in an kalle shi daga waje, kuma na ji kunya. In dai Yaya za ta Gaffati, ka ce wa mason ya faɗaɗa ɗakin, mu biyu ne."

Baba ya rasa inda zai sa kansa. Ya dubi wannan ya dubi waccan. "Ikon Allah! Ai ita ce kullum take cewa za ta tafi. Ni me na yi?"

Gwaggo ta juyo daga bakin ƙofarta, masifar tana nan yadda take. "Tun kana da baƙin gemu nake faɗa. Ka taɓa ganin na nufi tasha?"

Madam ta yi murmushi ta ce, "Maigida, bari in gaya maka abin da tele ba ta nuna ba. A littafin, duk sanda matar nan ta haɗa akwati ta ajiye a bakin ƙofa, ƙanenta ne ke ɗauka ya mayar ɗaki, ya ce mata gidan ba zai yiwu ba in babu ita. Don ta ji wannan maganar take haɗa akwatin." Sai a lokacin na gane dalilin da Gwaggo ke sa ni maimaita mata wannan wurin, ni kuwa ina ganin ba wani abu a ciki.

Baba ya tashi daga kujera, ya cire hularsa, ya je gaban yayarsa ya durƙusa, mutum da furfurarsa. Ya ce, "Yaya, ki yafe mini. Na zaci kin sani, shi ya sa ban taɓa faɗa ba. Kada ki tafi. Ni ban san yadda ake zama a gida babu ke ba."

Gwaggo ta kau da kai tana goge ido da bakin zane, kwallin duk ya ɓaci. Ta ce, "Tashi, kada yara su raina ka. Kuma ɗakina ya kasance kusa da madafa, ba na son na ƙurya." Muka fashe da dariya muna kuka, har Madam.

Ɗakin Gaffati hatsi aka riƙa zubawa a ciki. Wasan kuwa mun kalle shi har ƙarshe, Gwaggo a gaba, tana gyara musu labari da ƙarfi, har matan unguwa suka fi sauraronta a kan fassarata. A sabon gidan ta ƙarasa rayuwarta, kanta a kan cinyar Inna.

Abin da na koya shi ne, kusan kowane gida yana da mutumin da in an zo ba da labari ake tsallake shi, alhali shi ya ɗauki nauyin. A tele ana iya cire shi gida ya tafi daidai, a gidan gaske kuwa ba ya yiwuwa. Kuma irin wannan mutum ba zai taɓa roƙon a riƙe shi ba. Mu Baba ya yi sa'a, ya faɗa tana da rai tana ji. Shi ya sa in akwai wanda ba ka son ya tafi, kada ka ce ai ya sani. Ka buɗe baki ka gaya masa.