Shekara Huɗu Ina Riƙe da Biro a Ɗakin Gwaji

Assalamu alaikum Edita. Ni mutuniyar Wudil ce, a Sabon Gari aka haife ni, kuma lokacin da abin nan ya faru ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karantar ilimin ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani. Ba yabon kai ba, idan aka kafe sakamakon jarrabawa daga sama nake fara neman lambata. Kaina yana ja, rubutuna yana da kyau, ga ɗan jin kai daidai gwargwado. A gida kuwa tuni ƙannena sun fara kirana Dakta.

A ɗakin gwaji kayan aiki ba sa isar kowa, don haka akan raba mu rukuni-rukuni. Namu duk maza ne, sai ni da wata Kirista 'yar Filato. Tun ranar farko shugaban rukunin, wani Bakatsine mai ladabi, ya jawo min kujera ya ce Hajiya ta zauna ta riƙa rubuta musu abin da aka samu, kada wuta ta kama hijabi, kada kuma sinadari ya ɓata lalle. Ban ga mugunta a fuskarsa ba, kuma har yau ban yarda da mugunta ya yi ba. Ni kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki, domin dama ina jin nauyin kutsawa tsakanin maza don in leƙa madubin gwaji. 'Yar Filato ce ta ƙi zama. Ta ce ba kallo ya kawo ta ba, ta sa safar hannu ta shiga cikinsu. Muka sa mata suna uwar iya, kuma bakina yana cikin masu faɗa. Sau da yawa takan yafuto ni in zo in gwada, in ce mata Allah ya raba ni da wahalar da ba dole. Haka muka tafi har ajin ƙarshe, su yi aiki in rubuta, a ba mu maki ɗaya.

Da damina ta kama, wani malaminmu ya tashi binciken ruwan rijiyoyin ƙauyukan Ɗankaza da Kausani da ke yankinmu na Wudil, saboda yawan gudawa da ke damun yara a can. Matsalarsa ita ce yawancin rijiyoyin a cikin gida suke, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure. Dole sai da mace. Ya duba makina, ya ga kuma ni 'yar gari ce, sai ya zaɓe ni, ya ce idan aikin ya yi kyau sunana zai fito a cikinsa, kuma zai tsaya min in samu gurbin digiri na biyu. Wannan gurbin shi ne burina tun ina aji ɗaya. Da ya tambaye ni ko na san yadda ake ɗibar ruwan gwaji, na zayyano masa tiryan-tiryan kamar mai hadda, har ya gyaɗa kai.

Sai da na tsaya a bakin rijiyar farko, maza suna zaure suna jirana, sannan na gane hannuna bai san abin da kaina ya sani ba. Kwalaben ɗibar ruwan an riga an kashe duk wata ƙwaya da ke cikinsu, ba a so komai ya taɓa bakinsu ko cikin murfinsu. Ga guga, ga kwalba, ga murfi, ga gaisuwa ana ta yi, hannu kuma biyu ne. Murfi ya faɗi ƙasa, na ɗauka na goge da gefen hijabina. A wani gidan na kurkure kwalbar da yatsa a ciki, yadda na saba yi a kicin. A wani kuma uwargidan, wata dattijuwa da jikanta ke kwance ba lafiya, ta ce ba za a ba baƙuwa ruwa mai laka ba, ta ɗebo min na randa wanda aka sa wa alif ya kwanta. Na san ba shi ake nema ba, amma na ji kunyar mayar da hannun kyauta baya, na karɓa. Kullum na fito malam ya tambaya, sai in ce komai lafiya.

Ashe cikin kwalaben akwai wasu na ruwa mai tsabta da yake ba ni in buɗe a bakin rijiya in juye a wata kwalbar, don a tabbatar hannun mai ɗiba ba ya ƙara komai. Da aka gama gwaji, har waɗannan sun cika da ƙwayoyi. Ke nan ba wanda zai iya cewa dattin na rijiya ne ko nawa ne. Malam bai yi faɗa ba. Ya miƙo min kwalba a gaban kowa ya ce in buɗe yadda nake buɗewa a ƙauye. Na buɗe, na ajiye murfin a kan tebur. Ya dube ni ya ce, "Duk shekarun nan wa yake yi miki aikin hannu?" Bakatsinen nan ya sunkuyar da kai, ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafin nan ruwan sama ya ɗauke, rijiyoyi sun ja baya, aikin damina kuwa ba ya yiwuwa da rani. Aka ɗage binciken zuwa baɗi, aka nemi wata, gurbin da nake hange ya tafi. Wadda muke kira uwar iya ita ce ta riƙa tsayawa da ni bayan darasi har na iya riƙe murfi da ƙaramin yatsa, kuma ko sau ɗaya ba ta yi min gori ba.

Rannan a kasuwar Juma'a na yi kiciɓis da dattijuwar nan. Ta gane ni, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, me kuka gani a ruwan namu? Mu ci gaba da sha?" Na ce mata su riƙa tafasawa, ana kan aiki. Ta yi ta sa min albarka, wannan albarkar kuwa ta fi zagi yi min ciwo.

Abin da na koya shi ne ana iya ware mutum da ladabi, har ya yi godiya. Malamai, ku riƙa duba hannun wa ke kan aiki, maki ɗaya na rukuni yana ɓoye abu da yawa. 'Yan'uwa maza, idan kuna ganin girman mace, ku matsa mata ta gwada, ko da za ta fasa kwalba. Ku kuma 'yan'uwana mata, kada kunya ta sa ku yarda da hutun da ba ku roƙa ba. Akwai gidajen da sai mu za mu iya shiga, kuma mutanen ciki sun ɗauka duk wadda ta shigo da farar riga ta iya aikinta.