Ga Yaya Hadi, Wanda Teku Ta Riƙe

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 19 ga Rabi'us Sani 1438, daidai da 17 ga Janairun 2017, Allah Ya karɓi ran yayana Hadi Abdulrazak a tekun ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya, yana cikin jirgin ruwa na masu bincike, yana aikin digirinsa na uku. Wata abokiyar karatunsa ce ta kira mijina Luqman ta sanar da shi. Ya same ni a kicin, ya faɗa mini da Larabci, don ya ce Hausar ta ƙi fita daga bakinsa.

Yaya Hadi, sun ce kuna janyo na'urar awo daga ƙasan ruwa, igiyar ruwa ta hau jirgin ta tafi da kai. Sun kewaya wurin sun nema har suka gaji. Ba a ga gawarka ba, kuma duk jirgin kai kaɗai ne Musulmi. Don haka har yau babu wanda ya sallace ka a can. Wannan shi ne abin da ya hana Ummanmu cin abinci, shi ne kuma ya sa na ɗauki biro.

A unguwar Nakkasa ta Makka aka haife mu, a ɗaki biyu kan dutse, inda sai mutum ya huta a hanya kafin ya kai tulun gas gida. Baba ya zo Hajji daga Sakkwato bai koma ba, ya rasu bai taɓa riƙe iƙama, takardar izinin zama, ba. Da ka ga babu jami'ar da za ta karɓi marar takarda, sai ka kai kanka tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ka dangwala yatsu, aka sa ka a jirgi zuwa ƙasar da ba ka taɓa gani ba. Kowa ya san wanda ya dangwala yatsu a can ba ya dawowa da sauƙi. Ka yi Zariya, ka wuce Afirka ta Kudu, ba ka sake ganin garin da aka binne cibiyarka ba.

Ina ƙarama ka tafi, amma ba ka manta da ni ba. Duk alhajin da zai zo daga Kano sai ka ɗora masa littattafan soyayya, a naɗe cikin atamfar Umma don kada ta gane da wuri. Da su na koyi karanta Hausar boko. Ba don kai ba, da Larabci zan rubuta wannan, kamar sauran sa'o'ina. A cikin littattafan nan duk wanda ya tafi karatu waje yakan dawo a shafukan ƙarshe, da jaka da turare, uwa ta rasa inda za ta sa kanta. Na yarda haka rayuwa take. Har abayar da zan sa in tarbe ka a Jidda na zaɓa, ranar da za a ba ka bizar Umara da sunan dakta.

Na taɓa tambayar ka me kake nema a ruwan da ko kifi ke jin sanyinsa. Ka ce, "Minna, ƙanƙarar can ta fi Makka da Jidda girma, kuma ta ƙasa ake cin ta. Akwai ruwa mai ɗan ɗumi a can cikin zurfi, da ba ya kusantar ta, yanzu iska ta sauya ta turo shi. Ni zafinsa da gishirinsa nake aunawa, in ga ta ina yake shiga." Na ce to ina ruwanmu? Ka yi dariya ka ce, "Ruwanku ne kuwa. In ta narke, har bakin tekun Jidda sai ya ji." Shekara uku kana tara awon nan. Wannan tafiyar ce ta ƙarshe kafin ka zauna rubutu.

A unguwa kuwa abin dariya aka mai da kai. Malam Mailafiya, limamin masallacinmu, ya taɓa cewa da Umma a gabana, "Hajiya, ɗan Makka ya bar zamzam ya tafi ɗanɗanar ruwan gishiri, Allah Ya kyauta." Umma ta yi murmushi kawai, don shi ya raɗa maka suna.

Ba su san yadda ka riƙe sallarka ba. Da kuka kai inda rana ba ta faɗuwa, ka tambayi Luqman, shi da yake karatun addini a nan, ya ce maka ka bi lokacin Makka. Sai ka rubuto mini, "Daga yau ke ce ladanina." Duk sanda aka kira salla a unguwarmu ta Ka'akiyya sai in tura maka kalma ɗaya, "An kira." Wani lokaci saƙon sai ya kwana a hanya. Ka ce ba komai, kana da agogo, amma ka fi son ka ji daga gida.

Umma ta aiki Luqman wajen Malam Mailafiya a yi maka sallar ga'ibi, wadda ake yi wa mamacin da gawarsa ba ta nan. Malam ya ce, "Mu Malikawa ne, ba ma salla sai ga gawa a gabanmu." Abokan karatun Luqman suka ce ai ta halatta, tun da ba a yi maka a can ba. Sai ɗayansu ya ce a dakata, wanda ba a ga gawarsa ba ɓatacce ne, hukuncinsa jira. Suka zo zaman makoki, suka sha gahawa, suka ci dabino, suka buɗe littattafai a jawwal, wato wayoyinsu, suna ja-in-ja a falon Umma. Tana jin su daga ɗaki. Ta aika musu cewa, "Ni ba karatu na nema ba. Kabbara huɗu nake roƙa wa ɗana."

Na ce wa Luqman ya tara ko mutum uku ne ya ja sallar. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Minna, ma'alesh, yi haƙuri. In na shiga gaban malamaina za a ce na yi rashin kunya. Bari su daidaita." Mijina mutumin kirki ne, kuma ya yi kukanka. Amma har yau ba su daidaita ba.

Abokiyar karatunka ta rubuto cewa kafin jirgin ya juya, duk mutanen ciki sun fito fili cikin sanyin nan, sun cire huluna, sun tsaya shiru dominka. Waɗannan ba su san Fatiha ba, amma sun tsaya. Ta ce za su kammala aikinka da sunanka a kai. Na gode musu. Ban faɗa mata abin da ake yi a garinku ba, don na ji kunya.

Jiya na kama hannun Umma muka hau bas zuwa Harami. Bayan La'asar aka yi kiran sallar mamata, kamar yadda ake yi bayan kowace salla. Ba mu san waɗanda ke cikin makarun ba. Umma ta ƙi zama a kujerar da take salla a kai, ta dafa kafaɗata ta miƙe. Muka yi niyya da su, muka sa ka a ciki, muka yi kabbara huɗu bayan liman. Ban sani ba ko ta inganta. Ban tambayi kowa ba, kuma ba zan tambaya ba. Da muka dawo Umma ta ce a ɗumama mata miya.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Hadi, Ka gafarta masa, Ka ba shi ladan shahadar da aka yi wa wanda ruwa ya ci alkawari. Ka san inda yake kwance, mu ba mu sani ba. Ka sa wurin ya zame masa dausayi, Ka haɗa shi da Baba a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyya ga Ummanmu Hajiya Zali, da kawunmu na Zariya da ya riƙe shi, da malamansa da abokan tafiyarsa. Su kuma malaman unguwarmu, Allah Ya ƙara musu ilimi. In tasu ranar ta zo, Allah Ya sa su sami masu tsaya musu a sahu ba tare da an tsaya muhawara ba.

Minnatullah Abdulrazak
Ka'akiyya, Makka