Hoton da Dariya Ta Ɓata

A asibitin haƙorin da nake karɓar kati, babu mai kiran mai ɗaukar hotonmu da sunan yanka. Tsaya-cak muke ce masa, don abin da ya fi zama a bakinsa ke nan. Shekara ashirin da shida yana ɗan ɗakin nan mara taga, shi da na'urar da ke zagaya kan mutum ta ɗauko muƙamuƙinsa gaba ɗaya, daga kunne zuwa kunne, a hoto guda.

"Cire ɗan kunne. Ciji nan. Harshe sama. Tsaya cak!"

In mara lafiya ya tambaye shi me ya gani, amsar ba ta canzawa: "Ni ɗauka ce tawa, faɗa sai likita." Ga shi da tara tarkace kamar ɓera. Da kwamfuta ta zo aka ce a zubar da tsofaffin hotuna, sai ya jera su a kwalaye ya cusa ƙarƙashin tebur, har da waɗanda suka lalace. Na sha yi masa tsiya, in ce ko gadon da zai bar wa 'ya'yansa ke nan. Sai ya ce, "Ƙanwata, ba a jefa bakin mutum a bola."

Wata Talata da hantsi wata tsohuwa ta shigo, ɗan sanda na biye da ita. Kwana tara ke nan da wata motar haya ta ƙone a hanya, aka kasa gane gawawwakin. 'Yar tsohuwar, malamar makaranta, ranar ta fita, kuma ba ta dawo ba. An ɗauki hoton haƙoran wata gawa, ana neman tsohon hoto a gwada.

"Ta taɓa zuwa nan da ciwon haƙori," in ji tsohuwar. "Ɗana, ko in binne ta, ko in ci gaba da barin ƙofa a buɗe. Rashin sanin nan shi ke kashe ni."

Tsaya-cak ya durƙusa da ciwon gwiwarsa ya yi ta janyo kwalaye, har ya zaro ambulan ɗin shekara bakwai baya. Ya karɓi sabon hoton a hannun ɗan sandan, ya jera hotunan biyu a jikin fitila. Ko ni da ban san komai ba na gani: haƙorin ƙarshe kwance a gicciye, nan da can iri ɗaya. Likita kuwa ya fita, sai la'asar.

"Ita ce?" ta tambaye shi.

Na jira amsar nan tasa. Sai ya juyo ya dube ta.

"Ita ce, Mama."

Ba ta yi kururuwa ba, zama kawai ta yi a ƙasa. Ni ce na kasa riƙe hawaye. Shi kuwa ya sake sa hannu cikin ambulan ɗin ya ciro wani hoton, dishi-dishi, haƙoran duk sun haɗe.

"Wannan na fara ɗauka, ya lalace. Na ce ta tsaya cak, ta ce wai na fi na'urar ɗaure fuska, sai ta fashe da dariya. Dole na sake. Ɗan sanda zai tafi da mai kyan. Wannan naki ne."

Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga shi wajen haske.

"A nan dariya take yi?"

"Dariya take yi, Mama."

Ta goge shi da bakin zanenta a hankali, ta sa a ƙirji.