Madacin da Bakina Ya Kusa Kashewa

Ni mutum ne mai surutu, wannan ba sai an gaya mini ba. Tun ina ƙarami mahaifiyata take cewa in aka yi magana a gabana da safe, kafin azahar ta isa kasuwa. Amma ban taɓa zaton bakina zai iya yi wa itace illa ba.

A bayan gonar kawuna, wan mahaifiyata, a Barkiya, akwai wani ƙaton madaci. Shi kaɗai ya rage a wajen, sauran duk sun tafi gawayi da katako. Kawu manomi ne, amma ya gaji sassaƙen magani daga kakanmu. Mai ciwon ciki, mai shawara, har Fulanin rugar gefen gari, wurinsa suke zuwa. Ɓawon da yake ɗiba ba ya wuce faɗin tafin hannu, kuma ba ya taɓa zagaye gindin da sara. In ya gama sai ya kwaɓa laka da kashin shanu ya shafe wurin, ba zai sake taɓa gefen nan ba sai ya warke.

Ni kuwa ina aiki a wani ofis a Dutsin-Ma. Wani abokin aikina ya daɗe yana fama da ciki, na kawo masa ɗan sassaƙen ya jiƙa ya sha, Allah ya sa aka dace. Da na yi shiru da shi ke nan. Ina! A ofis na faɗa, a teburin mai shayi na faɗa, a cikin bas ma na faɗa. Har kwatance nake yi, in ka bar titi ka bi hanyar daji, ka wuce rijiya, ga shi nan a hannun dama. Ni a tunanina suna nake samar wa Kawu.

Cikin rani na je gida, aka ce Kawu yana gona. Na bi shi can, tun daga nesa na hango ɓarnar. Gindin madacin fari fat, an feɗe shi tun daga gwiwa har inda hannun mutum zai kai, ga sawun babur a ƙasa. Ɗan ɓawon da ya tsira bai wuce faɗin yatsu huɗu ba, shi ma don suri ya tokare gefen ne, sara ba ta kai wurin ba.

Kawu bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "Wa ya yi masu kwatance?"

Na ce, "Ni ne, Kawu."

"To, tunda bakinka ya san hanyar kawo su, shi tahi shi nemo mani su."

Neman bai yi wuya ba. A kasuwar Dutsin-Ma na same shi, wani magidanci mai sayar da tsimi a gorunan roba, ga buhun ɓawo a gefensa. Na je da fushi, niyyata sai an kai shi gaban mai unguwa, wataƙila don nawa laifin ya ragu. Mutumin bai yi gardama ba. Ya ce shi ne, a bas ya ji kwatancen, kuma zai bi ni.

Da muka isa ya durƙusa ya gaida Kawu. Ya ce, "Baba, wallahi ban san yana da mai shi ba. Can wajenmu haka muke ɗiba. Namu duk sun bushe, mun ɗauka rashin ruwa ne."

Kawu ya ce, "Ba ruwa ba ne, Malam, ku ne. Ta cikin ɓawon ga itace ke cin abinci nai. In ka yi mashi zobe, ka yanke mashi maƙogwaro. Tuɓe rigarka."

Wuni muka yi mu uku muna kwaɓa laka da kashin shanu muna shafawa, sannan muka naɗe gindin da tsofaffin tabarmi muka ɗaure. Kawu ya ce in ɗan ɓawon nan ya iya ɗaukar itacen, to, in bai iya ba, Allah ya riga ya hukunta.

Ganyen ya zube kusan duka. Kowace Asabar nakan je in tsaya in ɗaga kai, in dawo ban ga ko toho ba. Sau da yawa nakan tarar mai tsimi ya riga ni, da jarkoki biyu na ruwa a bayan babur, alhali babu wanda ya sa shi.

Bayan ruwan fari da kwanaki, muna tsaye mu uku, Kawu ya nuna sama da sandarsa. A reshen da ke saman surin, ga jan toho ya fito cunkus. Sai da na zauna a ƙasa don daɗi.

Mai tsimi ya cire hula yana share ido da ita. "Ashe ban kashe shi ba, Baba."

"Ba ku kashe shi ba," in ji Kawu, yana hararata. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'ya'yan madaci cikin tafi, ya zuba wa mutumin.

"Kai garinku ka shuka. Ba kai za ka sassaƙa ba, jikanka ne, amma ka hwara koya ma ubanshi yadda ake ɗiba tun yanzu."